Fashin baƙi kan tsofaffin amfilifayoyin jita: inda gurnanin kiɗan rok ya samo asali, da abin da ke lalacewa a cikinsu

Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya. In aka kaɗa ta ba a jona ta da komai ba, wanda ke tsaye a bakin ƙofa ma da kyar zai ji. Abin da ke fita ta wayarta 'yar wuta ce wadda galibi ba ta kai bolt ɗaya ba, wadda mayen ƙarfen da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ke haifarwa idan suka girgiza. Amfilifaya ce ke karɓar wannan 'yar wuta ta mai da ita sautin da ke cika fili. Saboda haka duk wanda ya ce ya san muryar kiɗan rok, to rabin abin da kunnensa ya sani muryar amfilifaya ce, kuma kusan dukkanta ta fito ne daga wasu na'urori da ba su wuce biyar ba, waɗanda aka ƙera a Amurka da Ingila tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da ƙarshen shekarun 1960.

Waɗanda suka ƙera su ba gurnani suka nufa ba. Leo Fender, wanda ya fara da gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, burinsa sauti mai tsabta da ƙarfi ga makaɗan kantiri da na raye-raye. A wurin injiniyan wancan zamani, kaushin sauti aibi ne da ake aunawa don a rage shi. Matasa makaɗa ne suka murɗa maɓallin murya har ƙarshe, na'urar ta kai iyakar ƙarfinta ta fara shaƙewa, suka ji wannan shaƙewar ta fi musu daɗi. Wasu ma da gangan suka nemo ta. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga takardar sifikar wata 'yar ƙaramar amfilifaya ƙirar Elpico don ya sami wannan kaushin. Kunnen Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin kaushin da ke cikin muryar goge ba wanda ya taɓa kiransa aibi.

Abin da ke cikin akwatin

Zuciyar waɗannan na'urori bawul ne, wato kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska, irin wadda ke cikin tsofaffin rediyoyi kafin zuwan tiransisto. A cikinta akwai zare mai dumama da ke cin bolt 6.3, da katod wanda ke fitar da wuta idan ya yi zafi, da faranti wanda ke jan wutar zuwa gare shi saboda an ɗora masa bolt ɗari uku zuwa ɗari biyar, sai wata siririyar raga a tsakaninsu. Sautin jita a ragar ake sa shi. Ɗan motsi kaɗan a raga yana jawo babban motsi a wutar da ke tafiya zuwa faranti, ƙara ƙarfin ke nan.

Sauti yana bin matakai huɗu. Da farko ƙananan bawuloli, galibi 12AX7 wanda Turawan Ingila ke kira ECC83, suna ɗaga shi. Daga nan ya ratsa sashen da ke da maɓallan kauri da tsakiya da siranta. Sai manyan bawuloli su ba shi ƙarfin gaske, biyu ko huɗu, rabi na turawa rabi na ja. A ƙarshe taransifomar sauti ta sauko da shi daga bolt ɗaruruwa zuwa abin da sifika za ta iya ɗauka. A gefe guda kuma akwai taransifomar wuta, da bawul mai mai da wutar AC zuwa DC, da manyan kwandansoshi masu tace ta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da iyaka, kuma yadda kowanne ke yi idan ya kai iyakarsa shi ne sirrin gaba ɗaya. Bawul idan aka matsa masa ba ya yanke kan sauti farat ɗaya, a hankali yake lanƙwasa shi, don haka kaushin ke shigowa daki-daki gwargwadon yadda makaɗi ya buga tsirkiya. Bawul mai mai da wuta shi ma yana da tasa kasalar: idan aka buga tsirkiyoyi da ƙarfi, manyan bawuloli suka ja wuta da yawa, sai boltin ya faɗi na ɗan lokaci sannan ya farfaɗo. Irin wannan bawul mai lamba GZ34 yana zubar da kimanin bolt 15 zuwa 20, 5Y3 kuwa yakan zubar da 50 ko fiye. Kunne yana jin wannan a matsayin sauti mai laushin farko wanda ke kumbura daga baya ya daɗe bai mutu ba. Sifikar jita kuma da kanta ba ta iya fitar da abin da ya wuce kimanin Hz 5,000, saboda haka tana tace tsinin kaushin ta bar daɗinsa. Wanda ya jona irin wannan amfilifaya da sifikar sauraron waƙa ta gida zai ji wani tsiwa mai soka kunne, ya gane cewa sifikar ma kayan kiɗa ce.

Daga Fullerton zuwa Hanwell

In za a zaɓi na'ura ɗaya a ce ita ce uwa, Fender Bassman ce, samfurin 5F6-A da aka yi daga 1958 zuwa 1960. Don jitar bas aka yi ta, amma masu jitar tsirkiya shida suka ƙwace ta. Tana da manyan bawuloli 5881 guda biyu, da GZ34, da sifikun Jensen huɗu masu faɗin inci goma a akwatin da bayansa ke buɗe, ƙarfinta kuwa wat arba'in da 'yan kai.

A 1962 Jim Marshall, makaɗin ganga ne mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell da ke yammacin Landan, ya ga kayan Fender sun yi wa samarin da ke zuwa shagonsa tsada. Shi da Ken Bran da Dudley Craven suka ɗauki tsarin Bassman suka sake gina shi da kayan da suke iya samu a Ingila, suka kira shi JTM45. A takarda kusan abu ɗaya ne. A kunne kuwa sun bambanta, kuma dalilan bambancin suna koyar da abubuwa da yawa.

Bawul na farko a Bassman 12AY7 ne, wanda ke ninka sauti kimanin sau 44. Marshall ya sa ECC83 mai ninkawa sau 100, don haka kaushi ke fara shigowa da wuri. Bambanci na biyu, dukkansu suna ɗebo wani ɓangare na sautin da ya fita su mayar da shi baya don ya danne kansa ya rage hauka, kuma dukkansu ta rezisto, wato ɗan sashen da ke rage gudun wuta, mai om 27,000 suke yi. Amma Bassman daga mafitar om 2 yake ɗebowa, JTM45 kuwa daga mafitar om 16, inda boltin ya kusa ninka na farko sau uku. Na uku, wanda ya fi kowanne tasiri, Marshall ya raba kan amfilifaya da akwatin sifika, ya sa sifikun Celestion huɗu masu inci goma sha biyu a akwatin da aka rufe bayansa ruf. Dalilinsa na kuɗi ne: kowace sifika wat 15 kawai take ɗauka, biyu suna ƙonewa, sai ya sa huɗu. Rufaffen akwati yana tura sauti gaba da dukan da ake ji a ƙirji, buɗaɗɗe kuwa yana watsa shi ko'ina cikin ɗaki.

Daga baya Marshall ya koma bawul KT66, sannan wajajen 1966 ya koma EL34 saboda ya fi araha da sauƙin samu a Turai. Aka canza ƙananan abubuwa a sashen maɓallai, rezisto mai om 56,000 ya koma 33,000, ƙaramin kwandansa mai fikofarad 250 ya koma 500, sai tsakiyar sauti ta fito gaba. Wannan ita ce muryar da mutane ke nufi idan sun ce muryar Marshall. Rezisto ɗaya da kwandansa ɗaya, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, sun shiga cikin abin da ya raba kiɗan rok na Ingila da na Amurka.

Vox hanyarsa daban. Dick Denney na kamfanin Jennings a garin Dartford ya ƙera AC15 a 1958, AC30 ya biyo baya a 1959. Samfurin da ya yi suna yana da ƙananan bawulolin ƙarfi EL84 guda huɗu, ba ya mayar da sauti baya ko kaɗan, kuma bawulolinsa a cikin zafi sosai suke aiki ko ana kiɗa ko ba a yi. Rashin mayar da sautin ne ya sa ba shi da wata iyaka bayyananna tsakanin tsabta da kaushi, ɗaya na narkewa cikin ɗaya. A 1961 aka fito da ƙarin sashen da ake kira Top Boost wanda ya ba shi wannan ƙararrawar a sama. The Shadows da The Beatles da shi suka tashi, Brian May na Queen kuwa bai taɓa barinsa ba. Fender shi ma bai tsaya ba. Daga 1963 zuwa 1967 ya fitar da jerin masu baƙar fuska, irin su Deluxe Reverb mai wat 22 da bawul 6V6 biyu, da Twin Reverb mai wat 85 da 6L6GC huɗu. A waɗannan an rage tsakiyar sauti sosai, don haka suke da tsabta da sheƙi. A Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, kuma canje-canjen da aka yi wa tsarin daga 1968 su ne suka sa masu tara kaya suka fi daraja na kafin lokacin.

Maganar ƙara

Abin da ya sa na'urorin suka yi ta girma shi ne a lokacin ba a da manyan lasifikun dandali irin na yau. Amfilifayar da ke bayan makaɗi ita ce za ta kai sauti har sahun ƙarshe. A Agustan 1965 The Beatles sun yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum fiye da 55,000 da amfilifayoyin Vox masu wat 100, ihun jama'a ya binne su. A wannan shekarar ne Pete Townshend da John Entwistle na The Who suka matsa wa Marshall ya yi musu mai wat 100. An fara gwada akwati ɗaya mai sifika takwas, ya gagari ɗauka, aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Wannan hasumiyar ita ce hoton da ya zama tambarin rok, ita Jimi Hendrix da Eric Clapton da Jimmy Page suka tsaya a gabanta.

A nan akwai lissafin da masu saye ke yawan kuskurewa. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, wanda kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Wat 50 da wat 100 ba su da nisa a ƙara, bambancinsu yana ga inda kaushi ke fara shigowa. Sifika mai saurin amsawa, irin shuɗiyar Celestion da ke cikin AC30 wadda ke ba da kusan desibel 100 daga wat ɗaya, ita ce ta sa wat 30 na Vox ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ganguna.

Matsalar tsofaffin Marshall ita ce ba sa ba da gurnaninsu sai an buɗe su har ƙarshe, inda ƙarar ke cutar da kunne. Aka nemi mafita ta hanyoyi da dama. Randall Smith a Kalifoniya ya jera ƙananan bawuloli ɗaya na tura ɗaya, aka sami kaushi mai yawa a ƙaramar murya, daga nan kamfanin Mesa/Boogie ya fito a farkon shekarun 1970. Marshall ya sa babban maɓallin murya na biyu a tsakiyar shekarun 1970, ya kai ga JCM800 a 1981. Sai dai kaushin ƙananan bawuloli daban yake da na manya: ya fi tauri da matsewa, ba shi da wannan numfashin da faɗuwar bolt da taransifoma ke bayarwa. Duka biyun suna da gurbinsu, amma wanda yake neman muryar 1967 ba zai same ta ta hanyar rufe babban maɓalli ba.

Abin da shekaru ke ci

Na'urar da aka yi a 1965 yau ta kai shekara sittin, kuma akwai sassan da ba a yi su don su kai haka ba. Kafin komai sai an faɗi haɗarin. Manyan kwandansoshi suna riƙe bolt 400 zuwa 500 bayan an kashe na'ura an zare ta daga bango, kuma wannan yana kisa. Kafin hannu ya shiga cikin shasi, wato akwatin ƙarfen da sassan ke zaune a kansa, ana sauke wutar ta hanyar rezisto, misali mai om 47,000 da wat 5, daga kan kwandansa zuwa jikin shasi, sannan a auna da mita a tabbatar ta sauko ƙasa da bolt 10. Ba a haɗa su da sukudireba. Idan dole a auna tana kunne, hannu ɗaya ake sawa, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Wanda bai koyi wannan aiki a gaban gwani ba, ya kai wa gwani.

Abu na farko da ake cirewa shi ne tsohuwar wayar bango mai baki biyu. Tsofaffin na'urorin Amurka ba su da wayar ƙasa. A maimakonta akwai wani kwandansa mai kimanin maikurofarad 0.05 da ke haɗa wutar bango da shasi don rage ƙugi, wanda masu gyara ke kira kwandansan mutuwa. Idan ya fashe ta ciki, wutar bango kai tsaye za ta hau shasi, daga shasi ta bi waya zuwa tsirkiyoyin da ke hannun makaɗi. Ana yanke shi a jefar, a sa waya mai baki uku, a ɗaure wayar ƙasa da nata kusar a jikin shasi, a tabbatar fis da makunni suna kan waya mai rai. Rashin wayar ƙasa ya ci rayuka a wannan sana'a: Les Harvey na Stone the Crows ya mutu a kan dandali a Swansea a 1972 da ya taɓa makirfon da wuta ta hau, Keith Relf tsohon mawaƙin The Yardbirds kuma wuta ta kashe shi a gidansa a 1976 yana riƙe da jita.

Na biyu manyan kwandansoshin tace wuta. A cikinsu akwai wani danshi da ke bushewa cikin shekara ashirin zuwa talatin. Alamunsu ƙugi mai kauri wanda maɓallin murya ba ya rage shi, da kaurin sauti da ya yi sako-sako, da wasu baƙin muryoyi da ke bin bayan abin da aka kaɗa. In aka buɗe murfin ƙarfen da ke rufe su a ƙarƙashin shasin Fender, sau da yawa za a ga bakin ɗaya ya kumbura ko ya fitar da wani farin gari. Ana canza su duka a lokaci ɗaya, da masu ƙimar da ta yi daidai da ta asali, boltinsu kuma daidai ko sama. Kada a ce bari a ninka girman na farko don ƙugi ya ƙare: GZ34 ba ya jure abin da ya wuce maikurofarad 60 a gabansa, zai yi tartsatsi ya mutu, kuma ko ya jure, an kashe wannan laushin da aka sayi na'urar dominsa. Akwai ƙaramin kwandansa guda a sashen bayas, wato mai daidaita wutar da manyan bawuloli ke ja, wanda ake jona shi a juye, ƙafarsa mai alamar tarawa ce ke zuwa shasi, domin wutar wurin ta ƙasa da sifili ce. Masu koyo da yawa sun fasa shi a nan.

Na uku ƙananan kwandansoshin da ke tsakanin mataki da mataki. Aikinsu su bar sauti ya wuce su tare DC. Idan ɗaya ya fara yoyo, DC ta hau ragar babban bawul, sai bawul ɗin ya ja wuta fiye da kima har farantinsa ya yi jajir kamar garwashi. Duk wanda ya ga haka ya kashe nan take, domin abin da zai biyo baya ƙonewar taransifoma ce. Waɗannan ba a canza su haka kawai, ana auna kowanne, wanda ke yoyo shi kaɗai ake cirewa. Haka rezistocin gawayi masu om 100,000 da ke kan farantan ƙananan bawuloli: in sun tsufa suna ƙaruwa a ƙima suna kawo shuu da ƙaras-ƙaras. Waɗanda ke kan gindin manyan bawuloli, masu om 470 a Fender, zafi ne ke dafa su har su tsage, kuma ya kamata a duba su duk lokacin da babban bawul ya mutu.

Shi kansa bawul yana nuna lafiyarsa. Baƙin tabo mai sheƙi a saman gilashi alama ce ta lafiya. Idan tabon ya koma fari fat, iska ta shiga, ya mutu. Idan aka ɗan ƙwanƙwasa ƙaramin bawul da tsinken katako aka ji ƙarar ta fito ta sifika tana amsa kuwwa, cikinsa ya saki, a canza shi ko a mai da shi gurbin da ba na farko ba. Ƙananan bawuloli sukan yi shekaru da dama, don haka tsohon bawul ƙirar Mullard ko RCA da ke aiki ba a taɓa shi.

Idan an sa sababbin manyan bawuloli a Fender ko Marshall, sai an daidaita bayas, wato yawan wutar da bawul ke ja yana zaune. Lissafin ba wuya. Kowane bawul yana da iyakar zafin da farantinsa ke ɗauka: EL34 wat 25, 6L6GC wat 30. Masu gyara ba sa wuce kashi 70 cikin 100 na wannan. A EL34 ke nan wat 17.5. In mita ta nuna bolt 450 a faranti, a raba 17.5 da 450, a sami kimanin miliyam 39, shi ne iyakar sama. Hanya mafi aminci ta aunawa ita ce a sa rezisto mai om 1 tsakanin katod da shasi, kowane milibolt da mita ta nuna a kansa miliyam ɗaya ne. In bayas ya yi sanyi, sauti zai bushe ya yi tsatsa a ƙaramar murya. In ya yi zafi, bawul zai ƙare cikin watanni. AC30 da ƙaramin Champ na Fender ba su da maɓallin daidaita bayas, rezisto ne a katod ke daidaita su da kansa, amma AC30 yana buƙatar bawulolin da aka gwada aka haɗa masu ƙarfi ɗaya.

Doka guda da ba ta da togaciya: ba a kunna amfilifayar bawul a kaɗa ba tare da sifika a jone ba. Ƙarfin da ya rasa wurin zuwa yana komawa cikin taransifomar sauti a matsayin bolt dubbai, ya huda rufin wayoyinta. Kuma om ɗin sifika ya dace da na mafita, 4 da 4, 8 da 8, 16 da 16. Na'urar da ta shekara a ajiye ba a cusa ta a bango kai tsaye. Ana jera ta da ƙwan lantarki mai zare, na wat 60 zuwa 100, a kan waya mai rai. In ƙwan ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haskensa, akwai inda wuta ke haɗuwa a ciki, kuma ƙwan ya ceci taransifoma.

Wanda zai shigo da ɗaya Najeriya ko Nijar yana da ƙarin abin lura. Na'urar da aka yi don kasuwar Amurka bolt 117 take nema, wutarmu kuwa 220 zuwa 230 ce, saboda haka dole a sa taransifomar sauke wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da na'urar ke ci, misali mai wat 500 ga Twin Reverb. Taransifomar da aka naɗa don Hz 60 tana ƙara zafi a kan Hz 50 namu, sai a bar mata iska. Yawancin Marshall da Vox suna da wurin zaɓen bolt, a duba shi kafin a jona. A kan janareta kuwa, a auna boltin zaren dumama: in ya fita daga tsakanin 6 da 6.6, bawuloli na wahala. Danshin damina yana shiga allon takardar da Fender ke jera sassa a kai har ya fara ɗaukar wuta, ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallai da gindin bawul.

Abin da ya rage a yau

Mafi yawan masana'antun bawul na Amurka da Ingila sun rufe tun shekarun 1980, kuma kasuwar masu jita tana cikin manyan dalilan da suka sa har yanzu ake yin sa. Yau mafi yawansa daga wurare uku yake fitowa: masana'antar Saratov a Rasha, da JJ Electronic a Sulobakiya, da ƙasar Sin. Da Rasha ta taƙaita fitar da wasu kayayyaki a Maris 2022, farashin bawul ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan kwanaki, abin da ya nuna yadda igiyar ta yi siriri.

Tsarin kansa kuwa ba ya fuskantar barazana. Fender ya sake fitar da Bassman na 1959 a 1990, ƙananan maƙera da yawa suna gina irinsa da hannu, kuma na'urorin kwamfuta, daga POD na Line 6 a 1998 zuwa Kemper a 2011, aikinsu kwaikwayon waɗannan tsofaffin. In ka buɗe jerin muryoyin da ke cikin kowace, sunayen da za ka tarar a sahun gaba Bassman ne da Twin da AC30 da Marshall mai wat 100. A cikin waƙar da aka gama haɗawa, kunnuwa ƙalilan ne za su raba na gaske da kwaikwayo. Inda bambanci ya rage shi ne a hannun makaɗi da ke tsaye gaban sifika, inda iskar da take turowa ke komawa ta girgiza tsirkiya.

Ga mai niyyar sayen tsohuwa, abin da ke riƙe da muryarta da darajarta taransifomomi ne da sifika da ƙimar sassan, ba tsohon kwandansan da ya bushe ba. Mai sayarwar da ke alfaharin cewa ba a taɓa taɓa cikinta ba yana gaya maka ne akwai aikin gyara a gabanka, sai a cire kuɗinsa daga farashi. A duba lambobin da aka buga a jikin sassa. A kayan Amurka lambobi ukun farko na maƙeri ne: 606 taransifomar Schumacher, 220 sifikar Jensen, 465 sifikar Oxford, 137 maɓallin CTS. Abin da ya biyo baya shekara ce da mako, don haka 606-5-32 a Fender mai baƙar fuska yana nufin mako na 32 na 1965. In taransifomar sauti ta nuna shekarar da ta yi nesa da ta sauran sassan, an taɓa ƙona ta asali an canza, kuma ya kamata a tambayi abin da ya ƙona ta, domin in ba a gyara sanadin ba zai ƙona sabuwar ma.